Yadda Na Haɗa 'Yan Tsakina Da Kajin Kaka

Sa'ad da nake aji uku, Kawu ya zo mana ziyara daga birni, ya kawo mini tsaraba a cikin wani kwali mai huji-huji. Da na buɗe, sai na ga ashe 'yan tsaki ne guda 6, irin waɗanda inji ke ƙyanƙyashewa, ba su san uwa ba. Kawu ya ce, "To, ga jarinka nan. In ka lura da su, kafin wata 6 ka ga ƙwai, har ka riƙa sayen littattafanka da kanka."

A gidanmu kuwa da ma akwai kajin Kaka, mata 5 da zakara 1. Uku daga cikinsu kowa ya san su da suna: akwai Baƙa, wadda ta fi duka tsufa, da Wake-wake, da wata mai gajerun ƙafafu da muke kira Durgu. Sun daɗe tare, akurkinsu ɗaya, kaskon ruwansu ɗaya.

Da yake lokacin hunturu ne, Kaka ta kife 'yan tsakin da kwando a ɗakinta. Da dare takan ajiye kaskon garwashi kusa da su, domin ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya yi gashi. Ni kuwa kullum nakan ba su tsakin gero, in je bayan gari in haƙo musu gara. A cikin ruwansu mukan zuba tsakuwa, don kada wani ya faɗa ya nutse.

Ran da suka cika kwana 10, Kaka ta tafi gidan suna. Na dube su cikin kwando, tausayi ya kama ni. Na ce a raina, "Waɗannan marayu ne, ga kuwa iyaye can a tsakar gida. Bari in kai su, watakila Wake-wake ta riƙe su kamar 'ya'yanta." Na kwashe su, na zuba a gindin turmi inda kaji ke ƙoto.

Kajin suka ɗaga kai, suka yi tsit. Can sai Baƙa ta tako a hankali, ta karkata kai, ta dubi wanda ya fi kusa da ita, ta kai masa sara a tsakiyar kai. Kafin in ɗauki kara, Durgu ta bi wani ta sare shi a baya, jini ya fito, sauran kajin duka suka yi caa a kansa. Da ƙyar na kore su. Na farkon bai sake tashi ba.

Kaka ta komo ta tarar da ni ina kuka, mataccen ɗan tsako a hannuna. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki mai raunin, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta ware shi shi kaɗai, ta ce kaza in ta ga jan jini ba ta daina sara. Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Maigida, wa ya gaya maka kaza tana reno don Allah? Wadda ta yi kwanci kwana 21 a kan ƙwai, ita ke tsaya wa 'ya'yanta, ta kumbura gashi, ba mai taɓa su. Naka kuwa ba su da mai tsaya musu sai kai. Gobe da safe ka zo ka ga wani abu."

Da gari ya waye ta ba ni tsaba, ta ce in watsa, in zauna in zuba ido. Na yi haka kwana 3 a jere, sai na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Baƙa ce ke fara ci, kuma tana saran kowace kaza, ba mai ramawa. Wake-wake tana kauce wa Baƙa, amma tana saran sauran ukun. Haka abin yake bi daki-daki har ya kai kan Durgu, wadda kowa ke sara, ita kuwa ba ta da wanda za ta sara. Ashe kaji ma suna da manya da ƙanana, kowace ta san matsayinta. In baƙo ya shigo, sai an gwada shi an san inda zai tsaya, ɗan tsako kuwa ba shi da ƙarfin da zai jure wa gwajin.

Bayan na girma na karanta cewa wani mutumin ƙasar Norwe, mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe, tun yana yaro yake zama yana kallon kaji kamar yadda Kaka ta sa ni. A shekarar 1921 ya rubuta bayanin wannan tsari nasu, masana suka karɓa. Kaka ba ta taɓa jin sunansa ba, amma abin da ya gani ita ma ta gani a tsakar gidanta.

To, daga nan na bi shawarar Kaka sau da ƙafa. Muka bar 'yan tsakin a ɗaki har suka yi mako 6, gashi ya rufe musu jiki sarai. Sa'an nan muka samo babban kwando mai faɗin ido, muka kife su da shi a tsakar gida, ƙarƙashin inuwar dalbejiya. Kaji suka yi ta kewaya kwandon suna leƙe, suna kai sara, baki ba ya isa. Ni kuwa nakan watsa tsaba a gefen kwandon, ciki da waje, su ci tare suna ganin juna. Da aka yi mako 2 a haka, sai kajin suka daina kula su, har Wake-wake takan kwanta a jikin kwandon tana birgima cikin ƙura.

Daga nan Kaka ta sa dutse ta ɗaga gefen kwandon kaɗan, daidai yadda ƙanana za su shiga su fita, babbar kaza kuwa ba za ta iya kutsawa ba. In an kore su, sai su ruga ciki. In sun ga shirwa tana shawagi, nan ma mafakarsu ke nan. Muka kuma raba abinci wuri 3, ruwa wuri 2, nesa da juna, gama kaza ɗaya ba ta iya tsare kasko uku.

Da suka kai wata 3, sun kusa kamo manyan a girma, Kaka ta ce lokaci ya yi. Bayan sallar isha'i muka ɗauki fitila, muka saka su cikin akurki ɗaya bayan ɗaya, don kaza ba ta gani sosai cikin duhu, ba ta kuwa faɗa da dare. Tun da asuba na buɗe akurkin, gabana yana faɗuwa. An yi 'yan sare-sare, gashi ya tashi, na zabura zan raba. Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Bar su, muddin ba jini. In ka raba yau, gobe su sake daga farko." Cikin mako guda rigima ta lafa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Baƙa sau ɗaya ko biyu ta sare su ta ƙyale. Durgu ce ta fi kowa tsananta musu, tana bin su lungu-lungu. Na tambayi Kaka dalili, ta yi dariya ta ce, "Ta daɗe tana shan sara, yau ta sami na ƙasa da ita. Kai dai in sabon yaro ya zo ajinku, kada ka zama Durgu."

Akwai kuma wani dalili na ware baƙin kaji, wanda malaman dabbobi ke nanatawa. Kaza tana iya ɗauke da cuta alhali ana ganinta lafiya lau. Mafi muni ita ce annobar da ake kira Niyukasil, wadda takan yi tsanani da hunturu, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. Saboda haka duk kazar da aka sayo a kasuwa, a tsare ta ita kaɗai aƙalla mako 2 kafin ta kusanci na gida. Cutar ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Wanda ke da kaji ya tambayi malamin dabbobi na yankinsu.

'Yan tsakina 5 duka suka rayu, 3 mata, 2 zakaru. Zakarun muka sayar gab da Salla, don tsohon zakaran Kaka ya ƙi barin su su sakata. Wadda aka yi wa rauni kuwa, wurin bai sake yin gashi ba, amma ita ce ta fara yi mini ƙwai. Na ɗauke shi da ɗuminsa na kai wa Kaka, ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Maigida, sannu ba ta hana zuwa. Je ka kawo kasko."