Kujerun Da a Cikin Birnin Kano

'Yan uwana mata, duk wadda ta ratsa Gandun Albasa za ta ga kujerun yayi jere a bakin titi, sai ƙyalli suke kamar ki sace ki gudu. Ni dai ba sa ruɗa ni. Na sha ganinsu a ɗakin amare, kafin haihuwar fari soso ya lotsa, alhali Baba bai gama biyan kafinta ba.

Ku shiga lungunan Yakasai gaida tsofaffi, ku ga kujerar madaci tun ta auren Hajiya, hannunta ya yi sulɓi saboda dafawa. Nauyi kuwa, sai mutum biyu. Rigar kushin kawai ake canzawa. Na taya wata, Hajiya ta harare ni, wai jikarta ta riga ni.