Akihabara: Unguwar Da A Ke Bin Sawun Makaɗan Da Aka Ɓoye

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, babban birnin Japan, tsayawa biyu kawai jirgi ke yi ya sauke mutum a Akihabara. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka san unguwar da cinikin kayan rediyo, har yau kuwa akwai 'yan rumfuna a ƙarƙashin gadar jirgi inda a ke sayar da wayoyi da ƙananan kayan lantarki. Amma abin da ke kawo baƙi da yawa yanzu shi ne tsofaffin wasannin bidiyo, wasunsu kuma ba wasan suka zo nema ba, kiɗan da ke cikinsa suke bi.

Mai irin wannan nema ya kan fara da kantunan gwanjo. Akwai wani mai suna Super Potato a saman bene, a wani lungu bayan babban titin Chuo, wanda ke cike da kaset-kaset na Famicom, watau akwatin wasan da kamfanin Nintendo ya fitar ran 15 ga watan Yuli, 1983. A hawa na ƙarshe an jera tsofaffin akwatunan da a ke jefa wa kuɗi, kowanne yana ta kiɗansa, ba mai sauraron wani. Famicom ɗin nan muryoyi biyar kaɗai gare shi, ɗaya daga ciki ma ba ta fid da kome sai shuu, da ita a ke kwaikwayon ganga. Da wannan ɗan abin hannu Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. cikin 1985, kiɗan da yaran da suka taso a gidajen gem na Kano ko Legas za su gane tun kafin a kai ƙarshen gaɓar farko.

To, Kondo ya yi sa'a, an san shi. Wahalar tana ga sauran. A wancan zamani kamfanoni da dama ba su yarda a rubuta ainihin sunayen ma'aikatansu a ƙarshen wasa, dalilin da a ka fi bayarwa kuwa shi ne tsoron kada abokan gasa su saye su. Saboda haka sai a sa laƙabi, ko a yi shiru. Manami Matsumae, wadda ta yi kiɗan Rockman na kamfanin Capcom cikin 1987, da sunan Chanchacorin Manami ta fito. Yoko Shimomura, mai yawancin kiɗan Street Fighter II na 1991, an rubuta ta Shimo-P. Miliyoyin mutane sun sha wannan kiɗa shekara da shekaru ba su san mace ce ta yi shi ba. Lalle wannan rashin adalci ne, ko da ya ke ba a ɗauke shi haka ba a lokacin. Makaɗin da ya fi kowa masu sauraro shi ne ba a iya kiransa da suna.

Don haka mai bincike ba ya dogara ga kaset ɗin wasan. Faifai ya ke nema, domin 'yar takardar da ke cikin kwalinsa ta kan faɗi abin da wasan ya ɓoye. Wanda a ke ƙidayawa na farko shi ne Video Game Music, wanda Haruomi Hosono na ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ya shirya cikin 1984 da kiɗe-kiɗen kamfanin Namco, har da na Xevious, aikin Yuriko Keino. Ita ce kuma ta yi kiɗan Dig Dug na 1982, wanda ba ya tashi sai ɗan wasa na tafiya, in ya tsaya kiɗan ma ya tsaya. Bayan faifai sai tsofaffin mujallu. Mujallar Beep ta kan liƙa wani ɗan faifai na roba mai laushi a jikinta kyauta, kuma samun kofen da faifansa bai ɓata ba sai an sha tone-tone cikin kwalaye. Daga nan sai a gwada laƙabin wannan wasa da sunan da ke jikin wancan faifai, da hirar da a ka yi da wani ma'aikaci shekaru bayan ya bar kamfani, har zaren ya haɗu.

Kiɗan dai bai daɗe a raine ba a Japan. Cikin watan Agusta na 1987 Koichi Sugiyama ya jagoranci makaɗa a zauren Suntory da ke Tokyo, suka kaɗa kiɗan Dragon Quest a gaban jama'a kamar kowane babban kiɗa. Sugiyama ya rasu cikin 2021.

Abin da kantunan Akihabara ba su da shi a kan neme shi a wasu wurare. Babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Japan ya fara karɓar wasanni cikin 2000, sai dai na shekarun baya da yawa sun riga sun wuce shi. Jami'ar Ritsumeikan ta Kyoto tana da cibiyar nazarin wasanni, Nintendo kuma ya buɗe gidan tarihinsa a Uji cikin Oktoba 2024, amma kayansa kaɗai ya ke nunawa. Waɗanda ke cikin haɗari su ne wasannin ƙananan kamfanonin da suka mutu, musamman na kwamfutocin NEC irin su PC-8801, waɗanda a ka sayar a kan faifan filofi. Irin wannan faifai fumfuna na cinsa, rubutun da ke jikinsa kuma yana dushewa. Wata ƙungiya mai suna Game Preservation Society, wadda wani Bafaranshe mazaunin Japan, Joseph Redon, ya kafa tare da abokansa cikin 2011, tana tattara su, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta kwafe abin da ya saura a ciki. Wani faifan a kan same shi lafiya. Wani kuwa sai a buɗe a tarar kwali da takarda kaɗai suka tsira.