Ranar da A1 Ta Ba Ni Kunya

Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, kuma a duk tsawon lokacin nan, in aka ce A1 abu ɗaya ne ke zuwa mini a rai, wato sakamakon jarrabawar WAEC. Ku ɗalibai kun san wannan tsani sarai. A1 ce a can ƙoli, sai B2 da B3, sai C4 zuwa C6, sa'an nan D7 da E8, a ƙasa kuwa ga F9 wadda kowa ke gudu. A zamanin iyayenku akwai A2 da A3, da P7 da P8, amma A1 ba ta taɓa sauka daga kujerarta ba. Ni kaina ban same ta ba ko a darasi ɗaya.

A shekarar 2023 wani tsohon ɗalibinmu ya zo makaranta tare da mahaifiyarsa. Yaron ya gama karatun aikin jinya, yana so ya tafi Jamus neman aiki. Mahaifiyar ta ciro wata takarda daga cikin leda, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Malam, ɗanka ya ci A1 a Jamusanci." Na duba, ga A1 kuwa ɓaro-ɓaro. Sauran rubutun ban tsaya karanta shi ba. Kashegari a taron safe na kira shi gaba, na ɗaga takardar, na ce ga wanda ya kai ƙololuwa a harshen da ba a koyarwa ma a makarantarmu. Kuka tafa masa har sau uku. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, na ɗauka ladabi ne.

Da aka watse sai ya biyo ni ɗakin malamai. Ya jira har kowa ya fita, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan A1 ɗin ba irin tamu ba ce. Ita ce ta ƙasa duka."

Ga yadda abin yake. A shekarar 2001 Majalisar Turai ta fitar da wani ma'auni na gwada iya harshe, mai mataki shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. A nan daga ƙasa ake hawa. Mai A1 shi ne wanda ya iya gaisuwa, ya iya faɗin sunansa da garinsu, ya iya tambayar kuɗin kaya in mai sayarwa ya yi magana a hankali. Mai C2 shi ne gwani. Ma'aikacin jinya kuwa yawanci sai ya kai B2 kafin a amince masa ya yi aiki a Jamus, gama dole ya fahimci abin da majinyaci ke faɗa. Ashe saura mataki uku a gaban yaron, kowanne da kuɗin darasi da na jarrabawa. Mahaifiyar ta riga ta sayar da awakinta don wannan na farko, tana tsammani an gama. Ya kasa faɗa mata gaskiya, ni kuma na zo na buga wa kuskuren hatimi a gaban makaranta duka.

Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar idona ya buɗe, na soma ganin A1 a wuraren da na sha wucewa ban lura ba.

Ta fari ma tana cikin ofishinmu. Takardar da muke buga tambayoyin jarrabawa a kai A4 ce, wannan kowa ya sani. Amma akwai A1, babbar takarda irin wadda masu zanen gini ke amfani da ita, mai faɗin milimita 594 da tsawon 841. Mafarin lissafin shi ne A0, wadda girmanta murabba'in mita ɗaya ne. A ninke ta biyu a sami A1, a sake ninkewa a sami A2, haka har zuwa A4. Ke nan A4 takwas ne ke cikin A1 guda. A Jamus aka tsara wannan a shekarar 1922. A nan lambar ba yabo ba ce, ba zargi ba ce, yawan ninki kawai take ƙirgawa. In kuma malami ya buɗe Excel a kwamfuta zai shigar da maki, gidan farko a kusurwar hagu ta sama sunansa A1.

Akwai kuma ta hanya. Babbar hanyar da ta tashi daga Legas, ta bi ta Ibadan da Ilori, ta haye Kwara a Jebba, ta wuce Kwantagora da Yawuri da Sakkwato har Illela a bakin iyakar Nijar, sunanta A1 a taswira. Duk wanda ya taɓa bin ta da damina zai shaida cewa sunan ba maki ba ne. Birtaniya ma tana da tata A1, daga Landan zuwa Edinbura.

Wadda ta fi kama da tamu ita ce ta jiragen ruwa. A Landan akwai littafin rajista na Lloyd's, inda ake rubuta lafiyar jirage domin 'yan kasuwa da masu inshora su san wanda za su amince wa da dukiyarsu. Tun wajen shekarar 1775 suke ba gangar jirgin harafi, su ba kayan aikinsa lamba, wato igiyoyi da ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsai da shi. Jirgin da jikinsa da kayansa duka suka fi kyau, shi ne A1. Daga nan kalmar ta shiga bakin Turawa da ma'anar abu mai kyau na ƙarshe. Na so wannan, domin abu biyu ake dubawa kafin a ba da ita, ni kuwa ko ɗaya ban duba ba.

Sanin waɗannan duka bai gyara ɓarnar da na yi ba. Ranar Asabar na ɗauki yaron muka tafi gidansu. Bayan gaisuwa na ce, "Mama, laifina ne, na yi saurin baki. Ɗanki ya yi ƙoƙari, ya ci jarrabawarsa, amma wannan kamar aji ɗaya ne na firamare."

Ta yi shiru na ɗan lokaci, tana kallon ɗanta. Can ta ce, "To Malam, aji nawa ya rage?" Na ce uku. Ta ce, "Kowanne kuɗinsa kamar na farko?" Yaron ya amsa da ƙaramar murya cewa na gaba sun fi tsada. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce masa da ya faɗa mata tun farko, da ba ta yanka zakara ba. Muka yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Kafin in tashi muka shirya cewa zai riƙa koyar da 'yan unguwa darasi da yamma ya tara wani abu, mu malamai ma muka yi masa ɗan karo-karo.

Ranar Litinin na tsaya a taron safe na janye maganata, waɗansunku suna nan, kun tuna yadda aka yi ta ƙus-ƙus. Bayan wata bakwai ya sake kawo mini takarda, wannan karo A2. Na zauna, na sa tabarau, na ce ya fassara mini ita tun daga layin farko.