Kabewa a Reshen Tsamiya

A wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, bayan an gama yankan dawa, na tarar da samari sun rataye kabewa da igiya a reshen tsamiya suna gwada hannu da baka. Kibiyar da ta samu takan nutse, kabewar ta yi lilo gaba, ta ɗan ɗaga, ta dawo. Ba agogo ba ma'auni, amma ba a gardama kan wanda ya fi ƙarfin harbi: wanda kabewa ta fi tashi a hannunsa.

Abin da suke aunawa da ido, shi Benjamin Robins ya mayar lissafi a Ingila a 1742. Ya rataye ƙarfe mai nauyi da aka liƙa wa katako, ya harbe shi, ya gano gudun harsashi daga tsawon lilon.

Daga ƙarshe ake faro lissafin. A ce kibiya giram 50 ce, kabewa giram 1,950, jimla kilo 2, kuma ta ɗaga santimita 5. Duk abin da ya faɗo daga santimita 5 yakan sauka da gudun kusan mita 1 a daƙiƙa, kuma a lilo kuzarin da hawa ya ci shi saukowa ke mayarwa. Ke nan da wannan gudun kabewar ta bar wurinta.

Sai a koma lokacin karo. A nan abin da ba ya raguwa shi ne nauyi sau gudu. Kibiyar kashi 1 ce cikin 40 na jimlar nauyin, don haka dole gudunta ya ninka na kabewar sau 40: mita 40 a daƙiƙa.

Inda ɗalibi kan yi tuntuɓe shi ne ya ɗauka duk kuzarin kibiyar ne ya koma lilo. Kashi 1 cikin 40 kaɗai ya isa can. Sauran 39 sun tafi wajen huda ɓawo, keta tsoka, ɗan zafi da ƙarar da muka ji.

Da la'asar suka sauko da kabewar, aka fasa ta don miyar taushe. Na sa yatsa cikin ramin da wata kibiya ta haƙa, har ya shige duka. Ido lilon ya bi, amma yawancin ƙarfin hannun yaron da ya harba kibiyar a cikin wannan ramin ya tsaya.