Makaroni da cuku a Harlem

Wanda ya je Niyok neman makaroni da cuku mafi daɗi, shawarata ya bar gidajen abinci masu tsada, ya nufi unguwar Harlem. A gidan Sylvia's, wanda aka buɗe a 1962, gasa shi ake yi har samansa ya yi ƙanzo, cukun na narkewa a ciki, ba kamar busasshen cukunmu na Tawa ba.

Da na ɗanɗana, sai na tuna James Hemings, bawan Jefferson, wanda aka kai Faransa a 1784 ya koyi girki. Ubangida ya sha yabo, aka daɗe ba a ambaci kuku ba. Amma jikokin bayi suka riƙe girkin, ranar biki da ranar makoki. A hannunsu na tarar da daɗinsa.