Allon kafaɗar wata ɗiyar Tirmini

Ranar da aka sallamo yaro daga gidan likita kowa barka yake yi, amma akwai aikin da ba a sanin kyansa sai an shekara goma. Aikin allon kafaɗa yana cikinsu.

Akan haifi yaro kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, kai ka ce da gangan ya ɗage ta. Asalin abin tun daga ciki ne: allon kafaɗa a gefen wuya yake tsira, sa'an nan ya gangaro bisa haƙarƙari kafin ciki ya cika wata uku. In ya maƙale a hanya, can zai zauna, ɗan ƙarami, wani lokaci ma har da wani ƙashi ko guringuntsi da ya ɗaure shi da ƙashin wuya. Likitoci suna kiran abin da sunan Sprengel, Bajamushen da ya bayyana shi a 1891, kuma ya fi samun ɗiya mata.

Wani ɗan kasuwar hatsi na Tirmini, mai kai gero kasuwar Dole ta Damagaram, Allah ya ba shi irin wannan ɗiya. Dangi suka ce ungozoma ce ta ja hannu, aka ɗora wa tsohuwa laifin da ba nata ba. Maɗori kuwa ya duba, ya ce shi karaya yake ɗorawa, nan babu abin da ya karye. Ya faɗi gaskiya, bai karɓi ko dala ba. Yarinya ba ta jin ciwo, sai dai hannunta na hagu ba ya wuce daidai kafaɗa.

Da likita ya gan ta sai ya ce aikin ya fi kyau tsakanin shekara 3 da 8, domin bayan nan jiki ya yi tauri, in aka ja allon ƙasa jijiyoyin hannu suna iya miƙewa fiye da kima har hannun ya shanye. Nan gida ya rabu biyu. Uwar ta ce: "Alhaji, yarinya tana ci tana wasa, don me za a tsaga mini ita?" Ba maganar banza ba ce. Shi kuwa taɓarya yake hange, da tulu, da bakin tsara a lakkol. A 2012, tana da shekara 6, ya ɗauke ta suka yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, aka yi mata aikin da Woodward ya fito da shi a Amurka a 1961: a tsaga tsakiyar baya, a kwance naman da ke riƙe da allon daga ƙashin baya, a cire ƙashin da ya ɗaure shi, a saukar da shi, a ɗinke naman ƙasa da inda yake.

Likitocin da suka bi irin waɗannan yara har girmansu abu ɗaya suka gani: tashin da hannu ya ƙara yawanci ba ya komawa, kafaɗa ta sauka, amma ba ta zama daidai da ƴar'uwarta, tun da allon ƙarami aka halicce shi. Tabon yakan faɗaɗa da girman jiki, wasu kuma gefen allon yakan ɗan turo fata. Mai haɗaɗɗen ƙashin wuya ko karkataccen baya ribarsa ba ta kai ta sauran ba.

Haka ta kasance ga ɗiyar Tirmini bayan shekara 13. Tana ɗora kwano a ka da hannu biyu, tana daka, ko da yake hagun yana riga dama gajiya. Telanta ya san ya rage wuyan riga ta gefe ɗaya. Da maganar aure ta taso, uwar da kanta ta kira gwaggon yaron ɗaki ta nuna mata tabon, tun daga ƙeya har tsakiyar baya, don kada a ji daga bakin wani. Gwaggon ta shafa shi, ta ce yarinya ta ɗaga hannu. Ta ɗaga, ya kai kusa da kunne, ya tsaya nan.