Daga Zariya Zuwa Gindin Mangwaro

A gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya akwai layin dogo. Duk lokacin da na faɗi haka a makarantar firamare sai a bushe da dariya, a ce jikar 'yan reluwe ta fara mafarki da rana. Alhali gaskiya nake faɗi. A filin da ke tsakanin ɗakin kakana da katangar da ta raba mu da titi, akwai siririn layi na tagulla mai tsawon mita 40 da 'yan kai. Daga ƙofar ɗakin ya tashi, ya bi gefen rijiya, ya haye wata 'yar gada, ya miƙe sambal a jikin katanga, ya kewaye bishiyar mangwaro, sannan ya komo inda ya fito. Tashoshinsa huɗu, kowacce da allon sunanta: Zariya, Funtuwa, Gusau da Ƙaura Namoda. Layin gaske da aka kai Ƙaura Namoda a 1929 can ya tuƙe. Na Kaka kuwa zarcewa yake ta bayan mangwaro ya dawo Zariya, domin a cewarsa ba ya son tafiyar da ba ta da dawowa.

Kaka bai taɓa tuƙa jirgi ba, kuma ina ƙarama wannan yakan ba ni kunya. Shekara 35 ya yi yana duba hanya. Da farko a ƙafa yake bin layi da doguwar guduma a kafaɗa, yana ƙwanƙwasa ƙusoshi yana sauraren amonsu, daga baya ya zama shugaban masu wannan aiki. Wata rana na tambaye shi me ya hana shi zama direba. Ya dube ni ya ce, "Amarya, jirgi baƙo ne, hanya ce 'yar gida. Baƙo ake yi wa shewa, amma 'yar gida ke kwana da ɗawainiya." Na sake tambayarsa me ke sa jirgi ƙarar nan ta ƙaƙas-ƙaƙas idan yana gudu. Ya ce ƙafafunsa ne ke tsallake 'yar tazarar da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, saboda ƙarfe ma yana numfashi. Na ɗauka wasan jika da kaka ne, na yi dariya na manta.

A ƙarshen shekarun 1970 aka tura shi kwas na 'yan watanni a Ingila. A gidan wani malaminsu ya fara ganin ƙaramin jirgi yana ratsa lambu a sararin Allah, ruwan sama na dukansa bai fasa tafiya ba. Irin wanda kamfanin LGB na birnin Nurembag a Jamus ya fara ƙerawa ne a 1968, don a shimfiɗa shi a waje. Faɗin layinsa milimita 45, kuma kowane abu na jikinsa an rage girmansa sau 22 da rabi. Kaka ya yi lissafi ya ga layinmu na gida, mai faɗin milimita 1,067, idan aka rage shi kusan haka zai koma. Sai ya tsuke bakin aljihu har ya sayi kan jirgi ɗaya, taragu uku da kwalin layi. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da agoguna, shi ya dawo da abin da kakata ta kira wasan yara har ta koma ga Mahaliccinta. Sauran layin a hankali ya tara shi, ta hannun duk wanda ya ji zai yi tafiya waje.

Kullum bayan sallar asuba sai ya bi layin nan da tsintsiya da tsumma, ya kawar da ganye, ya goge tagullar, ya danna tsakuwa da babban yatsa. Jirgin kuwa ranar Juma'a da la'asar kaɗai yake tashi, yaran unguwa su cika gidan. Mu jirgin muke gani. Ba mu taɓa lura cewa kwana shida ake yi ana yi wa tafiyar sa'a ɗaya hidima ba.

Ina aji biyu a jami'a, inda nake karatun injiniyan gine-gine, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, magana ta ɗauke, sai 'yan sautuka da ba mai gane su. Damina biyar ta wuce babu wanda ya taɓa layin. Da na gama bautar ƙasa na dawo gida da takardar digiri, ba aiki ba dalilinsa, sai na je na tsaya a kansa. Gara ta cinye ƙafafun gadar. Rana ta gasa robobin gicciye da ke riƙe da ƙarfen har suna farfashewa kamar ƙanzo. Saiwar mangwaro ta ɗaga Gusau sama, ruwa ya wanke Funtuwa, tagullar ta yi baƙi ƙirin. Kaka yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa, amma ya juya mata baya ga filin. Wannan juya bayan ya fi rushewar yi mini ciwo.

A makon ne Baffa ya tara mu ya ce za a gina shaguna uku a jikin katangar titi, a riƙa sayen maganin Kaka da kuɗin haya. Ba mugunta ba ce. Shi ke biyan kuɗin asibiti, kuma na san nauyin ya kai masa iya wuya. Magina za su zo kafin faɗuwar ruwa. Na durƙusa na ce, "Baffa, a ba ni wata uku in tayar da jirgin, ko sau ɗaya ya sake gani." Ya ce, "Ke da ya kamata ki bazama neman aiki?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wata uku. Ranar da bulo ya sauka, magana ta ƙare."

Na fara a tsakiyar hunturu. Abin da na fara ɗaukowa shi ne kan jirgin, wanda ke naɗe cikin tsohon rawani a ƙarƙashin gado. Na share shi, na ɗiga masa mai, na haɗa shi da batir, sai ga ƙafafunsa suna juyawa kamar jiya aka ajiye shi. Aikin yini ɗaya ke nan. Hanyar ce ta ci sauran watannin.

Na kwance layin gaba ɗaya, na haƙa rami mai zurfin taƙi guda a duk tsawonsa, na zuba marmara na daddaɓe, na bi da ƙananan tsakuwa da na tankaɗe daga ragowar wani gini, domin ruwa ya riƙa tsiyayewa maimakon ya kwanta. Da siririn tiyo mai ruwa, irin na magina, na daidaita tudu da gangare, don kada hawa ya wuce santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ƙafafun jirgin sulɓi za su yi. Wani kafinta ya yanka mini ɗaruruwan 'yan katakan maɗaci, na jiƙa su cikin baƙin mai saboda gara, suka maye gurbin robobin da suka mutu. A akwatin Kaka na tarar da wani guntun katako mai tsagi biyu, tsakaninsu milimita 45 cif. Da shi na auna kowane taku. Gadar kuwa na zuba mata ƙafafun siminti, na yi mata lissafin da ya fi ƙarfinta, don dai digirina ya san ya yi amfani.

A mako na uku Kaka ya sa aka juya masa kujera.

Matsala ɗaya ta rage. Wannan jirgi ta cikin layin yake shan wuta, 'yar kaɗan da ba ta wuce bolt 24 ba, daga taransifoma zuwa tagulla, daga tagulla zuwa ƙafafunsa. Mahaɗan da ke tsakanin sandunan layin duk sun yi tsatsa, wuta ba ta wucewa. Sai dabara ta zo mini. Na aro abin liƙin dalma wurin mai gyaran rediyo, na matse kowace sanda da 'yar'uwarta, na liƙe su gam, har miƙaƙƙen layin jikin katanga, mai mita 12, ya zama kamar sanda ɗaya. Da sanyin safiya nake aikin, hazo ya rufe gari, yatsuna na ƙandarewa. Ina yi Kaka na buga sandarsa a ƙasa, yana ɗaga hannun hagu, yana kusanto da babban yatsa da manuni har su kusa haɗuwa. Na ɗauka cewa yake in riƙa yi kaɗan-kaɗan kada in gaji. Na ce, "Angona, kwantar da hankalinka, amaryarka ƙarfi gare ta." Ya rufe ido ya girgiza kai.

Jirgin ya tashi a ƙarshen Fabrairu, a gwajin da na yi da sassafe ni kaɗai, ya zagaya lafiya lau. Na sa ranar Juma'a ta biyu ga watan Maris don a taru. Kafin ranar hazo ya yaye, bazara ta kankama. Da la'asar yara suka cika gida, har Baffa ya fito ya tsaya. Jirgi ya bar Zariya, ya wuce rijiya, ya haye gada, ya shiga miƙaƙƙen layi, sai kawai ya yi tsalle ya kife cikin tsakuwa, taragu suka bi shi. Na ruga na duba. Layin da na bari a miƙe kamar zare ya lanƙwashe ya yi gefe kamar maciji, ya tumɓuke katakansa.

Ban buƙaci kowa ya gaya mini dalili ba, domin na rubuta shi a jarrabawa tun ina aji ɗaya. Kowace mita ta tagulla tana ƙara tsawon kusan milimita 0.019 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin asubar hunturu da ƙarfen da ya yini a ranar Maris akwai digiri 45 ko fiye. A mita 12, ƙarin ya kai santimita guda. Na toshe duk inda wannan santimita zai shiga, shi kuwa ya nemi hanyarsa ta gefe. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Na san lissafin a takarda, ban san shi a hannu ba.

Yara suka watse, Baffa ya shige ba tare da ya ce uffan ba. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar Kaka, hawaye na zuba. Sai na ji hannunsa na hagu a kaina. Ya sake ɗaga yatsun nan biyu, ya bar 'yar tazara a tsakaninsu. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, har kalma ɗaya ta fito a karye: "Num...fashi." A shekara biyar ita ce kalma ta farko da na ji daga bakinsa na gane. Ashe wata biyu yana faɗa mini, ni kuwa ina fassara shi da abin da nake so in ji.

Kwana tara na yi ina narkar da dalmar da na liƙa. Na bar tazarar da ba ta fi kaurin kati ba a kowane mahaɗi, na ɗinke sanda da sanda da 'yar waya mai lanƙwasa, yadda wuta za ta wuce, ƙarfe kuma ya miƙe ya tsuke yadda ya ga dama. Kowane mahaɗi sai na ɗaga kai na dubi Kaka. In ya gyaɗa kai in wuce, in ya buga sanda in sake. Juma'ar da ta biyo, da rana tsaka na tayar da jirgin da gangan. Ya zagaya sau bakwai, yana ƙaƙas-ƙaƙas a kan kowace tazara, Kaka ya rufe ido yana bin ƙarar da yatsa a kan gwiwarsa.

Bulo ya sauka a farkon Afrilu kamar yadda aka yi alkawari. Jirgi bai hana ginin shaguna ba, kuma bai kamata ya hana ba, domin magani ya fi wasa. Sai dai ranar da magina suka ja igiya, Baffa da kansa ya ce su matsa da ita taku biyu, a bar mangwaron da abin da ke kewaye da shi. Miƙaƙƙen layin da ya ba ni kunya ya tafi, Funtuwa ta tafi da shi. Na sake shimfiɗa abin da ya saura, mita 26, da tashoshi uku. Allon Funtuwa yana rataye a ɗakin Kaka.

Mun taso muna jin labarin yadda jirgi ya iso Kano a 1911, da yadda ya kwashi gyaɗa da auduga zuwa teku, kuma mun ga bikin buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016. Ranakun buɗewa muke riƙewa, su ake ɗauka a hoto. Ba a ɗaukar hoton mutumin da ya fita da asuba da guduma, ya tarar da ƙusa ɗaya ta saki, ya ɗaure ta, jirgi ya wuce lafiya, ba wanda ya san an yi komai. Da wannan nake jin kunyar aikin kakana. Yanzu kuwa, a takardun neman aikin da nake aikawa, sashen kula da hanya nake nema.

Har yau ban sami aikin ba. Damina ta sauka, kuma ruwan farko ya nuna mini wurare biyu da tsakuwata ba ta isa ba. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki tsintsiya da tsumma in bi layin, ƙaramin ɗan Baffa na biye da ni riƙe da guntun katakon nan mai tsagi biyu. Jiya ya tsuguna a wani mahaɗi, ya ce, "Yaya, nan ya rabu, a liƙe shi." Kafin in buɗe baki, sai muka ji sanda ta bugi ƙasa daga bakin ƙofa.